Jirgin da Aka Shayar a Tudu

Mutumin da ya kawo ni Maraɗi ya ce in jira shi a bakin wani shagon walda a Sabon Gari, zai je ya karɓo takardun da za mu wuce arewa da su, wajen masu haƙar zinare, inda ya ce injina sun fi makanikai yawa. Ya ɗauki jakata, wai za a auna nauyinta a tasha. Na jira shi har la'asar. Washegari ma na dawo na jira, don ni mutum ne mai taurin kai, ba na son yarda an yi mini wayo. A rana ta uku mai waldar ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube ni.

"Baƙo, wanda kake jira ya daɗe da shan ruwan wani gari," in ji shi.

Abin da ya rage mini shi ne akwatin sifanuna, shi ma don a kansa nake zaune, sai wayata da rigar jikina. Sunana Haruna, mutumin Yawuri ne ni, a bakin Kwara na tashi, kuma ban san wata sana'a ba sai gyaran injin jirgin ruwa. Sai ga ni a garin da gulbinsa, wanda ake ta yi mini taƙama da shi, na je na tarar jakuna ke yawo a cikinsa. Suka ce in bari damina ta zo in gani. Na ce Allah ya kai mu.

Hausa ɗaya muke ji da mutanen Maraɗi, amma da an zo kan ƙarfe sai mu raba hanya. Sifana a wurinsu kile ce, direba shofer, man dizal gazuwal, inji kuma moter. Na yi wata guda ina riƙe wa mai walda ƙarfe ina kwana a barandarsa. A cikin watan matata Hadiza ta haihu a gida, aka sa wa yarinyar suna, aka ci ragon ba ni. Kunya ta hana ni komawa hannu rabbana, bayan na fito ina cika baki. Mai waldar ne ya ga ina ramewa ya ce in gangara Jiratawa, can masu garka, wato lambu, ke fama da injinan ban-ruwa kullum, ba za a rasa abin da zan taɓa ba.

Garkar farko da na yi sallama a Jiratawa, wani tsoho na tarar yana ɗaure dammunan zogale da kaba. Bai tambayi sunana ba sai da ya tashi ya kawo mini ruwa a ƙwarya, ya tsaya har na shanye. Shi ne Baba Nomau. Garkar ba tasa ba ce, ta wani attajirin Maraɗi ce, Alhaji Mati, amma shekara ashirin da wani abu yana tsaronta, shi da matarsa Inna Hajo, a ɗaki biyu na laka a gefen rijiya. Ba su da ɗa a kusa, ba su da gona tasu. Ranar na gyara masa injin ban-ruwan da ya ƙi tashi, ya shimfiɗa mini tabarma a rumfarsa, kuma daga nan ban sake neman wurin kwana ba. In Inna Hajo ta yi dambun zogale, kwanona ake fara zubawa.

A ƙarshen garkar, ƙarƙashin mangwarori, akwai wani abu babba lulluɓe da tamfol. Da na ɗaga sai na ga jirgi. Fari ne, na roba mai tauri, da injin dizal mai silinda huɗu kwance a cikinsa. Alhaji ya saye shi ne don tabkin Madarunfa, ya riƙa ɗaukar masu yawon shan iska, sai aka tarar in rani ya yi ruwan ba ya ɗaukarsa. Aka jawo shi nan aka manta. In kewar gida ta taso mini, sai in hau in zauna a kujerar matuƙi in rufe ido. Baba Nomau ya sha ganina, bai taɓa hana ni ba.

Na yi kusan shekara a haka kafin Alhaji ya zo wata safiya ya ce ya sayar da jirgin ga wani amininsa a Gaya, a bakin kogi. Ya ji labarin akwai ɗan Najeriya a garkarsa da ya san kan jirgi. Ya ce in na tayar da injin, na shirya shi ya isa Gaya lafiya a kan tirela, zai miƙa ni ga aminin nasa in zama matuƙi kuma makanikin jirgin. Na yi murna ƙwarai. Kogin Gaya shi ne kogin Yawuri, daga can in na bi ruwa na isa ƙofar gidanmu. A ranar na kira Hadiza na ce ta fara koya wa yarinya cewa Baba.

Kafin ya tafi sai ya juya kan tsohon, a gabana, don ya ga wani kwamin albasa ya bushe.

"Nomau, ka tsuhwa. Ba yau ka hwara ba. Ɓarna guda ta ƙara hitowa daga hannunka, in kawo wani."

Baba Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi huci zuciyarka, Alhaji."

Kwana tara na yi a cikin jirgin nan. Na wanke tanki, na canza mai, na fitar da gidan ɓera daga matatar iska. A rana ta goma Alhaji ya dawo da wayarsa a hannu.

"Tada mani moter ɗin in ɗauka a talho, mai saye na son ya ji kukanshi."

Na ce, "Alhaji, ba a tayar da shi haka a tudu."

"Don mi? Kamyona duka a tudu suke tashi."

"Na mota yana ɗauke da ruwansa a jikinsa. Wannan daga kogi yake sha yana tafe. In an tayar da shi a bushe, kafin ka gama ɗaukar hoton robar famfonsa ta ƙone, sauran su bi baya."

Ya ɓata rai. Mutum ne da bai saba a ce masa a'a ba, ballantana baƙon da ke kwana a rumfar mai gadinsa. Ya ce ko dai ban gyara ba ne nake neman hanyar zillewa. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ɗaga murya yadda kowa a garkar zai ji.

"Injin nan ruwa ne ransa, Alhaji. In babu ruwa ya mutu. Ko wa ya ce in murza makullin nan a bushe ba zan murza ba."

Baba Nomau ne ya kashe wutar, ya gangaro da ganga, ya jawo tiyo daga injin ban-ruwa. Na tsoma bakin bututun shan ruwan jirgin a gangar, tsohon ya riƙe tiyo yana cika ta, na murza. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ruwa ya riƙa feshewa tare da hayaƙi ta wani rami a bayan jirgin, Baba Nomau ya miƙa wa Inna Hajo tiyon ya zagaya ya tsaya kusa da ramin yana kallo yana dariya kamar ya ga ɗan akuya ya fara tsalle. Alhaji ya ɗauki hotonsa ya tafi, bai ce mini sannu ba.

Tayar da injin ba shi ne abin tsorona ba, hanyar ce. Akwai wata tukunyar roba a ƙasan injin, a kan hanyar hayaƙi. Ruwan da ya gama sanyaya injin a nan yake taruwa kafin hayaƙi ya tunkuɗa shi waje ta ramin bayan nan. A kogi ba ta da wata illa. A kan titi kuwa, in mota ta ci birki ko ta gangara, ruwan kan koma da baya ya shiga silinda. Fistin ba ya danna ruwa. Ranar da aka murza makulli sai ƙarfen da ke tura shi ya lanƙwashe, shi ke nan an yi jana'izar inji. Don haka tukunyar nan na fara kwancewa, na tsiyaye ta, na sa tsumma na goge har ta bushe ƙarau. Na rufe famfon ƙasan jirgi, na zare robar famfon na ɗaure ta a sitiyari don kada a manta a mayar. Na cire kan batir, na zuƙe gazuwal har ya rage kaɗan a gindin tanki. Farfela na ɗaure ta tamau da igiya, don iskar hanya kan juya ta yini guda ta cinye giya ba a sani ba. A ƙarshe na sassaƙa toshi da icen mangwaro, na naɗe shi da tsumma, na buga a ramin hayaƙin, na ɗaure da waya.

Da azahar aka kawo tirelar, wadda su ke kira remok. Muka ɗora jirgin a kan tsofaffin tayoyi, hancinsa ya ɗan yi ƙasa saboda yadda ƙugiyar motar take. Igiyoyin da aka kawo ban yarda da su ba, sai na hau kabu-kabu zuwa Maraɗi neman bel na ɗaure kaya. Sai gab da magariba na dawo, a gajiye. Na ɗaure jirgin ta gaba da tsakiya, ban zagaya bayansa ba. Wannan kuskurena ne, kuma har yau ina jin ciwonsa.

Da safe Inna Hajo ta ƙulla mini dambu a leda. Baba Nomau ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Ka tahi lahiya, Haruna. Kowa da guzurinshi, ba wanda munka manta."

Na ɗauka direban yake nufi.

Direban sunansa Abdu, ɗan gajere mai son gudu da yawan magana. Muka ratsa Maraɗi mutane na nuna mu da yatsa, 'yan kabu-kabu na bin mu da hon. Ni dai wuyana ya ƙage don waiwaye, duk ramin da muka faɗa sai in ji shi a haƙarƙarina. Muka ɗauki hanyar yamma. Muna shiga Tsibiri wani amalanke ya faɗo titi da shanu biyu, Abdu ya taka birki da ƙarfinsa, tirelar ta daki bayan motar har kaina ya bugi gilashi. Ya leƙa ta taga ya gama zagin mai shanun, zai ja, na ce ya tsaya in duba ɗauri.

Bel ɗin ba su motsa ba. Na zagaya baya, sai na ga tsumman toshin a jiƙe, yana ɗiga a kan kwalta. Wayar da na ɗaure shi da ita babu. Kaba ce a wurin, an yi mata ƙulli biyu da lanƙwasa ɗaya, irin ɗaurin damin zogalen da nake gani kowace safiya. Na kafa kunnena a jikin jirgin na ce wa Abdu ya ɗan girgiza tirelar. Na ji ruwa yana kai da kawowa a ciki.

Nan take na gane abin da ya faru. Tsohon ya ji na ce ruwa ne ran injin, ya ga ramin da ruwa ke fita, ya ɗauka bakin jirgin ke nan. Na kwance kabar na cusa a aljihu.

Na ce wa Abdu ba inda za mu sai na buɗe injin.

"Kai, ni ba ni tahiyar dare. In ba mu wuce Ƙonni da rana ba sai gobe. Ruwa ne hwa, ba wuta ba. Jirgin ruwa ke tsoron ruwa?"

Na ce in ya motsa motar nan taku ɗaya, shi zai yi wa Alhaji bayani. Ya kira Alhaji a gabana, ya ce ɗan Najeriya ya tsayar da tafiya. Kafin in gama kwance tukunyar har mutane sun taru, masu tallan rake da masu jiran mota, kowa na ba da shawara. Ruwan ya zubo ja-ja, irin na magudanar garka, har da ganyen zogale biyu-uku. Ya fi bokiti biyu. Na zare bututun hayaƙin daga jikin injin na tura yatsa, na ji danshi har can sama. Birkin nan ya riga ya kai shi inda nake tsoro.

Motar Alhaji ta tsaya a bayanmu. Bai gaisa da kowa ba, ya zo ya dubi ruwan da ke kwance a kan kwalta.

"Wa ya taɓa shi?"

Na ce, "Alhaji, bari in ceci injin tukuna, magana ta biyo baya."

Ya naɗe babbar rigarsa ya tsaya a rana, ya ƙi kujerar da aka kawo masa. Na zare sandar gwajin mai, na ga man baƙi ne bai yi fari ba, na ce alhamdu lillahi a zuci, ruwan bai gangara ƙasa ba. Sai na kwance nozul huɗun da ke fesa mai cikin silinda ɗaya bayan ɗaya. Cikin jirgin ya yi zafi kamar tanda, zufa na shiga idona, wani ƙaramin zoben tagulla ya kuɓuce mini na yi ta lalube a ƙarƙashin injin. Da na gama sai na sa doguwar sifana a kan fulin gaba na fara juya injin da hannu, a hankali, ina sauraro. Silinda ta farko iska ta fitar. Ta biyu ma haka. Ta uku ta tofo mini ruwa a fuska, kamar rabin kofin shayi. Da an kai Gaya an murza makulli a kan wannan rabin kofin, da an gama.

Na yi ta juyawa har ta daina tofi, na ɗiga mai a kowace silinda na sake juyawa don kada tsatsa ta kama, na mayar da komai. Awa biyu da wani abu aikin ya ci. Duk tsawon lokacin nan hannuna na aiki, zuciyata na can tana shari'a. Ba zan yi wa kaina ado ba, na so in faɗi sunansa. Na tuna kogi, na tuna Hadiza da yarinyar da ban taɓa ɗauka ba, na ce ai ba ni na aike shi ba. Sai kuma in tuna wa ya tsaya a tsakiyar garka yana ɗaga murya cewa in babu ruwa injin ya mutu, bai ƙara da cewa a tudu ruwan ne ajalinsa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Na sauko. Alhaji ya ce, "Ya rayu?"

"Ya rayu."

"To. Bayan kai, Nomau kaɗai ke garkar nan. In shi ne ka hwaɗa mani, yau ya kwashe komatsanshi, kai ku wuce."

Na ji kabar tana sukar cinyata ta cikin aljihu.

"Ni ne, Alhaji. Ruwan gwajin jiya ne. Na manta ban tsiyaye tukunyar ba."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ka iya aiki, na gani da idona. Amma sunana za ni aikawa Gaya, ba jirgi kaɗai ba. Ba ni miƙa ma aminina mai mantuwa. Sauke akwatinka."

Na roƙi takarda a wajen wani mai shago na rubuta wa makanikin da zai karɓi jirgin abin da zai yi kafin ya murza makulli: ya cire toshi, ya mayar da robar famfo, ya buɗe famfon ƙasa, ya kwance farfela. Na liƙa a sitiyari. Na sake buga toshin na ɗaure da waya. Abdu ya miƙo mini ledar dambuna ta taga. Na tsaya a bakin titin Tsibiri ina kallon farin jirgin yana ƙanƙancewa ta yamma, na ji baƙin cikin da ban taɓa ji ba tun ranar da aka gudu da jakata.

La'asar sakaliya na isa Jiratawa. Baba Nomau na zaune a inda na fara ganinsa, yana ɗaure zogalen kasuwar gobe. Ya ga akwatin a kafaɗata ya miƙe.

"Lahiya? Ina jirgin?"

"Ya wuce, Baba."

"Kai hwa?"

"An fasa tafiya da ni. Sun ce akwai makaniki a can."

Ya yi salati, ya ce halin masu kuɗi sai su. Ya zaunar da ni, ya koma kan daminsa, sai kuma fuskarsa ta ɗan saki, irin ta mai son ya faranta wa wanda aka ɓata wa rai.

"Ko ba komi ya tahi da ƙoshi. Jiya da ka shiga birni na tuna maganarka, ka ce ruwa ne ranshi. Na ce tahiyar kwana biyu cikin ranar ga, ba kogi ba tabki, kai kuma aiki ya yi maka yawa. Bido huɗu na ruwa na ɗura mashi. Ya isa dai ko?"

Na ji haushinsa, tare da wani tausayi da ya fi haushin ciwo. Na dubi ƙasa.

"Ya isa, Baba."

Ya dubi hannuwana, baƙi ƙirin da mai har gwiwa, ya dubi rigata da ta jiƙe ta bushe. Hannunsa ya tsaya a kan damin.

"Haruna, ban yi ɓarna ba dai?"

"A'a, Baba. Ba ka yi ba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "To," ya sunkuya zai ƙarasa ɗaurin, kabar ta tsinke a hannunsa. Ya ɗauki wata, ita ma ya kasa ƙullawa.

Damina biyu na ƙara yi a Jiratawa kafin in tara abin komawa gida. Bai sake tambayata ba, ni ma ban faɗa ba. Amma daga ranar nan, tsohon nan, da a shekaru ya isa ya yi jika da ni, bai ƙara bari na ɗebi ruwan alwalata da kaina ba.